Hamisu Kwatano, Alƙalin Dodanni

Wasu sukan dawo daga Kwatano da mota, wasu da rediyo mai cin kaset biyu. Ni Hamisu, da na dawo Madarunfa bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa, kwat ɗin gwanjo guda na kawo, sai tari. Matata Tani ta zazzage jakata, ta leƙa ciki, ta sake zazzagewa, ta ce, "Malam, tsarabar tana biyo ka a wata motar ne?" Na ce mata harkar manya ba a jaka take zuwa ba.

Ashe ban yi ƙarya ba. Da na sa hannu a aljihun ciki na kwat ɗin, sai na ji wani ɗauri da roba. Karta ce, amma ba irin wadda kuka sani ba. Kowace da hotonta mai ƙyalli: ga dodo mai fukafukai yana aman wuta, ga maƙeri da guduma, ga wata mata a kan ruwa da hular zinariya, ga ƙwarangwal riƙe da takobi, ga katanga, ga itace mai ƙafafu, ga wani tsoho da sanda. A kusurwa akwai lamba, a ƙasa akwai rubutu mitsi-mitsi. Wani ɗan Bature ya manta kayan wasansa, Allah ya kawo su hannun wanda ya dace.

Na kai su fadarmu, gindin itacen bedi, wato darbejiya, inda muke dafa shayi da la'asar. Barnabas tela, wanda ya yi lakwal, makarantar boko, wajen 'yan mishan a Maraɗi, ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da hancinsa.

"Wanga rubutu ba Faransanci ba ne," in ji shi. "Ba Ingilishi ba ne kuma."

"Jamusanci ne," na ce. "A tashar jirgin ruwa na koye shi."

Abin da na yi a tashar jirgin ruwa wankin mota ne, kuma motocin ba su taɓa ce mini uffan ba. Amma da na ga Sule masunci ya buɗe baki yana kallona, sai na ji Jamusancin yana zuwa mini da kansa.

Nan take na hango hanyata. Ga wasan da babu wanda ya san dokarsa daga nan har Agadas, sai ni. Madarunfa za ta koya, Safo ta koya, Maraɗi ta riƙa aiko da tambaya, wata rana a kira ni gidan rediyo a Yamai in yi wa ƙasa bayani. Na raɗa masa suna Yaƙin Dodanni. Na ce doka ɗaya ce tak: babbar lamba ta ci ƙarama, wanda kartarsa ta ƙare an cinye shi. In an sami gardama, ga alƙali a zaune cikin kwat.

Ba a gama shayin farko ba gardamar ta zo. Sule ya buga Dodo a kan Maƙerin Barnabas, ya miƙa hannu zai kwashe.

"Tsaya!" in ji Barnabas. "Da mi ya kashe shi?"

"Da wuta mana. Ba ka ganin bakinsa?"

"Kai, Sule! Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin wuta ta ci maƙeri? Mutanen da ke lasar ƙarfe ja zur daga wuta ranar salla?"

Duk suka juyo wurina. Na ɗauki kartar, na motsa leɓuna, na gyaɗa kai. Na ce haka yake a rubuce, wuta ba ta cin maƙeri.

"To ya cije shi!" in ji Sule. "Ga haƙora nan!"

Na sake dubawa. Na ce haƙoran na ado ne.

Daga ranar nan na shiga uku, ina murna. Kowa ya zo da hujjarsa daga gida. Ƙwarangwal fa, ana iya kashe shi, alhali ya riga ya mutu? Na ce ba a kashe shi, sai dai a binne shi, kuma wanda ba shi da kartar ƙasa ya haƙura. Matar nan ta ruwa, da muka sa wa suna Sarauniyar Tabki, tana iya nutsar da kowa? Sule ya ce banda masunci, domin kakansa ya kwana cikin tabkin Madarunfa ya fito yana tauna goro. Na ce banda masunci. Barnabas ya ce ai babu masunci a cikin kartar. Sule ya ce ga shi zaune.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Katanga. Dodo yana da fukafukai, to yana iya tsallake ta ya ci wanda ke bayanta? Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya ƙone. Na tashi tsaye na ce, "Jama'a, wanda ya tsallaka katangar mutum ba sallama, mi sunansa?"

"Ɓarawo!"

"To Dodo ba ɓarawo ba ne. Sai ya yi sallama."

Aka tafa mini. Sule ya ɗaga Dodonsa ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum!" Barnabas ya leƙo ta bayan Katangarsa ya ce, "Maigidan ba ya nan." Dodo ya koma. Na ce hakan ma ya halatta.

Labari ya bazu cikin gari. Mata in sun ga Tani a rijiya sai su ce, "Ina kwana, uwargidan alƙali, ya dodanni?" Ta dawo gida ta dire tulu ta ce, "Malam, maza suna gyara rumbu, kai kana koya wa ƙadangare sallama." Na ce mata ranar da za a kira sunana a rediyo, kada ta ce ta san ni.

Sai ranar da na zauna na buga da kaina. Sule ya bi ni ya karkashe mini komai, ya bar ni da Tsoho mai sanda, mai lambar da ko akuya ba za ta ji tsoronta ba. Ya ɗaga Dodo yana dariya. Mutane sun cika gindin bedi. Alƙali guda a cinye shi gaban jama'a? Zufa ta karyo mini cikin kwat. Na ƙura wa kartar ido, Allah ya kawo mini mafita.

"Af! Ashsha! Sule, aje Dodon nan. Wanga tsoho surukinsa ne."

"Surukinsa? Yaushe aka yi bikin?"

"Ban halarta ba, amma ga shi a rubuce. Dubi Dodon da kyau. Ina ya juya fuskarsa?"

Aka duba. Mai zanen ya karkatar da kan Dodo gefe guda.

"Kun gani? Kunya ce. Suruki ba ya kai wa suruki hari, ba ya musa masa, ba ya ko kallon idonsa. Duk abin da suruki ya ce, haka ne."

Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Ashe Turawan nan suna da tarbiyya." Na ji kaina ya yi girma har hula ta matse ni.

Washegari Barnabas ya zo da goro ya ce yana nema wa Maƙerinsa auren Sarauniyar Tabki. Na karɓi goro na amince. Sule ya ce in haka ne, Itace mai ƙafafu kawun Sarauniya ne, ya kawo nasa goron. Kafin a gama maimai, wato shayi na biyu, babu kartar da ba ta da suruki. Sai a zauna tun azahar har a kira magariba, kowa riƙe da kartarsa, ba wanda ya mutu, sai gaishe-gaishe. Da na ga wasa zai tsaya, na ce an yarda a yi saki. Suka ce in akwai 'ya'ya fa? Aka zaro wani ƙaramin dodo kore, aka wuni ana gardamar ɗan wa ne. Sule ya yi fushi ya tashi zai tafi, na kafa doka cewa wanda ya zauna ba ya tashi sai wasa ya ƙare.

Ana cikin haka sai ga Nasiru, direban kamyo, babbar motar kaya, daga Gabi, ya tsaya shan shayi. Ya kalle mu, ya yi murmushi, ya zaro ɗaurin karta irin tamu daga aljihunsa. Shi ma a cikin dilar gwanjo ya tsinta. Na ɗauka ni kaɗai Allah ya ba.

"Mu a Gabi," in ji shi, "Dodo yana cin kowa, ba sallama, ba suruki."

"Shi ya sa ake ce muku ƙauye," na ce.

"To a gwada mana."

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce ranar kasuwa, a nan gindin bedi, ni zan buga wa Madarunfa kuma ni ne alƙali. Gabi ta kawo duk wanda ta ga dama, ko aljani ne. Wanda ya ci ya kwashe ɗaurin biyu duka, wanda aka ci kada a sake jin bakinsa a kan Yaƙin Dodanni har abada. Barnabas ya taka mini ƙafa, na ture shi.

Nasiru ya ce ya yarda, amma in karanto masa dokokin. Na jero su tiryan-tiryan. Da na zo kan ta suruki sai ya ɗaga hannu.

"Wagga doka, kan karta ta tsaya, ko har mai riƙe da karta?"

"Dokata ba ta da inda ta tsaya," na ce. "Har mai riƙewa, har mai kallo."

"Jama'a kun ji?"

"Mun ji!"

Ya shanye shayinsa ya tafi, yana wani murmushi da ban so ba.

Ranar kasuwa gero ya fara nuna, rana kamar ta dafa ƙwai, amma na sa kwat na ɓalle maɓallai har wuya. Mutane sun taru har da masu tallar kifi da 'yan Safo da suka bar amalankensu. Na sa aka kawo mini kujera. Wani maroƙi ya zo ba a gayyace shi ba yana cewa, "Hamisu Kwatano, mai jin maganar dodanni!" Na ɗaga masa hannu kamar yadda na ga manya suna yi.

Sai ga amalanken jaki daga hanyar Gabi, Nasiru yana ja. A baya wani dattijo ne zaune da malfa da 'yar sandarsa. Na ce wa Sule, "Dubi abin da suka kawo mini, ko gani ba ya yi sosai." Amalanke ya matso. Dattijon ya ɗaga malfa.

Mahaifin Tani ne. Tani 'yar Gabi ce, kuma a duk lissafina ban tuna da haka ba. Sunansa ba zan faɗa muku ba, ko yanzu bakina ba ya iya ɗaukarsa.

Ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Takalmana suka fita da kansu. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutan gida?" Ina gaisuwa ina ja da baya, ina neman in kewaya bayan bedi in ɓace. Nasiru ya riƙe mini gefen kwat.

"Ina zuwa, alƙali? Kawu ne zai buga wa Gabi."

"Sun ce ka ƙago wani wasa," in ji Baba, "wai sai na zo na sa albarka. Yaya ake yi?"

Aka ɗora shi a kujerata, ni na zauna a ƙasa gefen tabarma, ina kallon yatsun ƙafarsa. Aka raba karta. Baba ya riƙe tasa hotunan suna kallon jama'a, bayansu yana kallonsa. Ba wanda ya gyara masa.

Barnabas ya raɗa mini, "Tashi in karɓe ka."

"Wanda ya zauna ba ya tashi sai wasa ya ƙare," in ji Nasiru da ƙarfi. "Dokar wa ce?"

"Ta Hamisu!" jama'a suka amsa.

Na duba hannuna. Wayyo Allah! Tunda nake ban taɓa samun hannu mai kyau irin na ranar ba. Ga Dodo, ga Sarauniya, ga Maƙeri, ga Katanga. Na aje Dodo a hankali, can gefe, don kada a ce hari na kai.

Baba ya zaro wadda hannunsa ya fara taɓawa, ya ɗora a kai. Itace mai ƙafafu ne, kuma a juye.

"Wanga icce ya danne ƙadangaren ga, ko?"

"Alƙali, hukunci!" in ji Nasiru.

Itace a kan mai aman wuta! Ko jaririn goye ya san amsar. Na buɗe baki, na hango gefen gemun Baba, na rufe.

"Ya danne shi, Baba."

Sule ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! Hamisu, wuta ce fa! Icce ne fa!"

"Ɗanye ne," na ce, ban ɗago ba.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Baba ya ji daɗi, ya gyara zama ya ce ashe wasan ba wuya. Na fitar da Maƙeri. Ya ɗora masa ƙaramin dodon nan kore ya ce, "Wanga ya ƙone shi."

"Wuta ba ta cin maƙeri!" Barnabas ya yi ihu. "Faɗa masa!"

"Haka ne, Hamisu?" in ji Baba. "Na yi kuskure?"

"A'a, Baba. Wanga maƙerin sabon shiga ne, bai gama koyo ba."

Na ce bari in ɓuya. Na kafa Katanga, na tattara sauran mutanena a bayanta. Nasiru ya sunkuya ya yi wa Baba raɗa. Baba ya ƙwanƙwasa tabarma da sandarsa ya ce, "Salamu alaikum."

Sule ya zungure ni. Barnabas ya zungure ni ta ɗaya gefen. Na ce da 'yar ƙaramar murya, "Maigidan ba ya nan."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, ashe 'yata ba ta da maigida. In ɗauke ta mu koma Gabi ke nan?"

"Ya dawo, Baba! Yanzun nan ya shigo! Wa alaikumus salam, bismilla, shigo!"

Da hannuna na kawar da Katangar. Wata mai tallar kifi ta yi dariya har tirenta ya kife. Na hango Tani a cikin mata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na so in ce kuka take yi, amma na san ta.

Saura Sarauniyar Tabki da Tsoho mai sanda. Na tura Sarauniya ina jin zuciyata kamar ta fashe, don ita na fi so a duk kartar. Baba ya lalubi hannunsa, ya lalubi aljihu, ya zaro wata takarda mai launin ƙasa ya shimfiɗa a kanta.

"Kawu, ba karta ba ce," in ji Nasiru, shi kansa kunya ta kama shi. "Takardar lanhonka ce, ta haraji."

"Af! To ba ta ci?" Baba ya juyo wurina.

"Ta ci, Baba."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Barnabas. "Ita ba wanda ba ta ci."

Na rage da Tsoho mai sanda. Na riƙe shi da hannu biyu. Baba ya miƙo hannu ya ce, "Wanga sa'ana ne, ba ni shi mu gaisa." Na miƙa. Ya duba, ya sa a aljihu.

"Hannun Hamisu ya ƙare!" Nasiru ya yi tsalle. "Gabi ta ci!"

Maroƙin nan da bai daɗe da yi mini kirari ba ya juya ya ce, "Dattijon Gabi, mai kashe dodo da icce!" Sule ya zauna a ƙasa yana cewa da ya sani da ya tafi su a tabki. Ni kuwa ina durƙushe, kwat ya jiƙe sharkaf, gidan rediyon Yamai yana yi mini nisa ina gani. Wallahi na ji zafi, ba kaɗan ba.

Nasiru ya tattara ɗaurin biyu zai sa a aljihu. Baba ya ɗora masa sanda a hannu.

"Ba wanda ya ci ke kwashewa ba?"

"Eh, Kawu, amma ai ni na..."

"Kai ka buga?"

Nasiru ya saki. Wannan kaɗai ne ya ɗan sanyaya mini rai a ranar.

Baba ya ɗaga Dodo ya juya shi a rana, ƙyallinsa ya haske masa ido. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Tsuntsaye sun dame ni a gona. Hamisu, jibi ka zo Gabi da basilla da zare mai ƙwari."

Na je. Ni na huda su ɗaya bayan ɗaya, Nasiru yana riƙe mini zare. Da na zo kan Sarauniyar Tabki na nemi wurin da basilla ba za ta taɓa fuskarta ba. Muka ja zaren daga kara zuwa kara a kan geron, iska tana kaɗa dodannina suna walƙiya. Baba yana zaune a inuwar gawo yana kallo.

Ba mu gama ɗaure na ƙarshe ba sai wani ɗan tsuntsu ya zo ya sauka daidai kan Dodo, ya yi masa kashi a fuska, ya tsallaka kan zangarniya ya fara cin geronsa hankali kwance.

"Alƙali!" Baba ya ƙwala mini kira daga inuwa. "Tsakanin su biyun nan, wa ya ci?"

Na cire takalmi, na durƙusa a cikin kunya, na sunkuyar da kai.

"Wanda ka ce, Baba."